Alwashin Malam Sammani na Cika-Ciki

Mahaifina, Malam Sammani na Ɗorawar Sabo, bai yi sarauta ba, bai yi malanta ba, ko Zariya bai taɓa zuwa ba. Manomin gyaɗa ne kamar kowa a ƙasarmu ta arewa da Kano, tsakanin Makoɗa da Ɗambatta, inda gonar wani take ƙarewa a gindin ta wani, ba ka samun fegin ɗaure jaki sai mai wurin ya fito. Amma har yau in ka ambaci sunansa a gaban tsofaffin yankin, sai sun yi dariya kafin su ce Allah ya jiƙansa. Abin da ya jawo masa dariyar nan zan faɗa, kamar yadda na ji daga bakin Innarmu, Kulu, wadda ba ta iya ƙara gishiri a labari ba, a miya ma da ƙyar.

Zamanin Nasara ne, shekarun da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama. Gyaɗa ce sarauniya. Da ita ake biyan haraji, da ita ake aure, ita ake ɗora wa jakuna a kai sikeli, daga can ta wuce Kano a tara ta buhu kan buhu kamar duwatsu. Abin da ya rage kuma a cinye. Miyar taushe da gyaɗa, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ƙosai a man gyaɗa, kunun safe na gyaɗa, yajin mai tsire ma rabinsa ƙarago ne. Ko baƙo ka yi ba ka da abin ba shi, sai ka damƙa masa dafaffiya ya tafi yana ɓarewa. A cikin wannan ƙasa Allah ya ba Baba 'yar fari wadda gyaɗa ba ta karɓe ta ba.

Yayata ce, Zulaihatu. An fara ganin abin ranar yaye. Aka kai ta sashen kakarmu, Iya Jumma, mahaifiyar Baba, wadda gida ɗaya muke da ita, zana ce kawai ta raba. Iya ita ce mai ƙuli-ƙulin garin. Tun asuba take matsar mai, hannunta ƙanshin gyaɗa, zanenta ƙanshin gyaɗa, in ta yi maka addu'a ta shafa kanka sai ka wuni ƙudaje na bin ka. Ta dama kunun gyaɗa ta ba yarinya. Kafin ta wanke ludayi jikin Yaya ya yi rudu-rudu, leɓɓanta suka kumbura, idanunta suka shige ciki. Iya ta ce iskar tsamiyar bayan gida ce. Aka yi turare, aka shafa toka. Kumburi ya sauka don kansa, turare ya kwashe yabo.

Aka yi na biyu, aka yi na uku, kullum bayan gyaɗa, kuma kowanne ya fi na bayansa muni. Inna ta gane. Baba ya gane. Sai dai babu mai bakin faɗa a cikinsu.

Yaran yanzu masu sa hoton ɗansu na fari a fuskar waya ba za su gane wannan ba. A lokacin, ɗan fari ba naka ba ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa, ba ka kallonsa a gaban mutane. In ya faɗi a gabanka sai ka dubi sama ka ce da alama yau za a yi ruwa. Wannan shi ne alkunya, kuma da shi ake auna ɗan mutunci. Iya kanta ita ce abin misali a garin: ɗanta na fari, Baffa Ado, wanda shi ne babban gidanmu, ya yi furfura ba ta taɓa furta sunansa ba, “mutumin nan” take cewa. To, Baba ya tsaya gaban mahaifiyarsa ya ce 'yata ba ta cin abu kaza, daidai yake da ya shiga kasuwar Ɗambatta ba wando. Balle abin da zai ce ba ta ci, shi ne sana'ar uwar tasa. Inna kuwa nata ya fi tsanani, ga alkunyar 'yar fari ga ta suruka. Dabararta ɗaya ce: ta cika wa Yaya ciki da tuwo da miyar kuka tun da safe, in kuma ta ga hannunta ya nufi ƙuli-ƙuli ta kai mata mintsini. Matan gari suka riƙa yaba ta. Suka ce Kulu akwai kara, dubi yadda ta tsani 'yarta.

Shi Baba nasa maganin alwashi ne. Jikokina suna yin nasu alwashin a watan Janairu, su ce za su rage ƙiba, kafin Fabrairu sun manta. Baba nasa a sabuwar shekarar Musulunci yake yi, ranar Cika-ciki. Ranar ce ake dafa abinci fiye da ƙima, a jefa busasshiyar wutsiyar ragon layya a miya, a yi ta aika kwanuka gida-gida, a ce wa yara duk wanda ya kwana bai ƙoshi ba haka zai shekara da yunwa. A shekarun nan kuma watan yana faɗowa daidai kakar gyaɗa, sabuwa tana zube a kowane tsakar gida. Wato ranar da kowa ke murna ita ce ranar da Yaya ta fi kusa da kabari. Da safen ranar, bayan ya idar da salla, Baba yakan zauna a kan buzunsa ya gyara murya.

Shekarar farko ya ce, “Kulu, bana kam zan faɗa wa Iya.”

“Faɗa mata me, Malam?”

“Maganar... mutuniyar.”

“Allah ya ba da sa'a. In ka dawo da kanka a wuyanka ka ba ni labari.”

Ya zaga bayan zana ya durƙusa gaban Iya, tana tuya. Ya gaishe ta da kwana, ya gaishe ta da gajiya, ya gaishe ta da hayaƙi, ya koma kan kwana. Iya ta ce, “Sammani, in rance ka zo nema faɗi, mai na ƙonewa.” Idonsa ya faɗa kan jar akuyarta da ke ɗaure a turke.

Ya ce, “Iya, na ce ba, akwai dabbar da gyaɗa ba ta karɓa. Ko kaɗan ta ci sai ta kumbura.”

Iya ta dubi akuya, ta jinjina kai. “Ai kuwa na ga cikinta ya yi tulu kwanan nan. Allah ya yi maka albarka, kai ne mai lura a gidan nan.”

Daga ranar aka yanke wa akuya harawar gyaɗa. Ciki ne da ita, baiwar Allah. Ta haifi 'yan biyu tana tangaɗi.

Shekara ta biyu ya ce, “Kulu, bana ba zan noma gyaɗa ba. Ko ƙwaya ɗaya ba za ta shigo sashen nan ba.”

“Harajin fa, da alwashi za ka biya?”

“Allah na nan.”

Da damina ta faɗi ya shuka gero da dawa da wake har bakin iyaka. Ba a daɗe ba dagaci ya aiko a kira shi. Malamin gona ya zo a kan keke ya ga gona ɗaya tak a jerin gonaki babu gyaɗa, ya kai ƙorafi. Dagaci ya ce, “Sammani, kai ka fi Bature sanin abin da ƙasa take so?”

“Ranka ya daɗe, ƙasar ce ta gaji.”

“Ta maƙwabcinka ta gabas ba ta gaji ba, ta yamma ba ta gaji ba, taka ce ta tsakiya ta yi dako?”

Baba ya sunkuyar da kai. Gara a ce masa malalaci da ya faɗi dalili. Da lokacin haraji ya zo jakinsa ya tafi kasuwa bai dawo ba. Sai kuma tausayi ya kama mutanen gari. Sammani bawan Allah bai yi gyaɗa ba bana. Wannan ya aiko da ƙwarya, wancan ya aiko da masaki, surukansa na Bagwai suka aiko da buhu guda a kan jakin aro. Rumbun da ya so ya tsarkake ya cika har baki, kuma kyauta ce, ba a sayarwa, ba a mayarwa. Ya rasa yadda zai yi ya miƙa wa Iya. Shekarar nan Iya ta yi tuyar da ba ta taɓa yi ba, har ta ƙara kasko na biyu.

Shekara ta uku ya ce zai nemi maganin Bature. Ya tashi da ƙafa, tunda ba jaki, ya tafi ɗakin shan magani mafi kusa da mu. Shi kaɗai ya tafi. Ya za a yi ya ratsa ƙauyuka da 'yar fari a kafaɗa? Ya bi layi har aka zo kansa. Malamin asibitin wani dogon mutum ne mai farar riga da gajeren haƙuri.

“Me ke damunka?”

“Ni lafiyata ƙalau. Wata yarinya ce a maƙwabtanmu.”

“Tana ina?”

“Tana gida.”

“To ni daga nan zan duba ta? Me ya same ta?”

Baba ya kwashe komai ya faɗa, da kumburin, da ƙaiƙayin, da yadda numfashinta yake yin fito. Inna ta ce wannan ne karo na farko da maganar ta fita daga bakinsa a jere, don a gaban baƙo ne, kuma 'yar maƙwabci ce.

Malamin ya ce, “Borin jini ne. Jininta bai haɗu da gyaɗa ba. Ba ni da allurarsa, ba ni da ƙwayarsa. A hana ta ci.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan. Ko man gyaɗar kada ya taɓa bakinta, in ba haka ba wata rana maƙogwaron zai rufe bai buɗe ba. Je ka faɗa wa ubanta ya sanar da kowa a gidan.”

“To in uban... ba ya iya magana fa?”

“Bebe ne?”

“Kusan haka.”

“Ya yi musu bayani da hannu. Na gaba!”

Baba ya dawo da yamma ƙafa duk ƙaya. Inna ta ce, “Ina maganin?” Ya ce, “Sun ce a hana ta ci.” Ta ce, “Kai, Turawan nan akwai ilimi. Ni da ban je ko'ina ba ashe likita ce.”

A cikin shekarar nan aka yi mafi muni. An yi suna a maƙwabta, wata mata ta ga yarinya tana raɓe-raɓe babu mai kula ta, ta tausaya ta ba ta dakuwa. Yaya ta faɗi a tsakar gidan suna. Wuyanta ya kumbura, numfashi ya koma kamar ana busa kara, ta yi laushi. Mata suka yi ta salati suna yayyafa ruwa. Baba yana ƙofar gida cikin maza, yana jin komai. Bai motsa ba. Ya ci gaba da jan carbi yana kallon wata kaza da ke tono. Da Allah ya sa ta farfaɗo, maza suka riƙa ba shi hannu. Baffa Ado ya ce, “Haka ake son namiji. Ko gezau.” Inna ta ce da ya shigo ɗaki ta ga carbin ya tsinke a cikin aljihunsa, bai kuma ci tuwo ba. Wannan shi ne iyakar abin da ya yi, kuma ba na yaba masa a kai. Carbi bai taɓa buɗe wa kowa maƙogwaro ba.

Da Cika-ciki ta zagayo ya ce, “Kulu, na samo dabara. Daga yau duk abin da aka miƙa wa mutuniyar, ta cikina zai bi.”

“Kai za ka cinye?”

“Ni zan cinye.”

“To wannan alwashin kam na san za ka cika shi.”

Ya kuwa cika. In Iya ta miƙa wa Yaya ƙuli-ƙuli, sai ga Baba ya ɓullo daga bayan zana ya wafce ya jefa a baki, ya ce yana ɗanɗana gishiri. In an aiko da kwanon ƙosai daga maƙwabta, a zaure yake tare shi ya share. Wata rana a bakin rijiya mai tallan gyaɗa ta zuba wa yarinya 'yar kaɗan a tafi, ya taso daga gindin ɗorawa da gudu, rawani na warwarewa, ya kwashe har da ɓawon. Gari ya ɗauka. Sammani ya zama makwaɗaici, yana ƙwace abinci a bakin ƙaramar yarinya. Samari suka sa masa Ci-ka-rage. Ya yi kumatu, ya yi tumbi, taguwarsa ta daina rufe cibiya. Abin lura shi ne babu wanda ya fasa gaishe shi. Kwaɗayi aibi ne, amma aibin mutane ne, kowane gida akwai irinsa. Da sun san don 'yarsa yake yi, da nan ne za a ce ya lalace.

Wadda abin ya fi ƙona wa rai Iya ce. Ƙulin da take ba jikarta ɗanta ke cinyewa, yarinya kuma ga ta siririya kamar sillen kara. Lokacin Yaya ta kai shekara shida, ta san ciwon kanta, in an miƙa mata sai ta noƙe kafaɗa ta ce maƙogwaronta zai rufe. Iya ta ce tsirfa ce. “Jikar mai ƙuli-ƙuli a ce ba ta cin gyaɗa? Wa zai ɗaukar mini tiren talla? Rashin sabo ne. Uwar ba ta ba ta, uban yana ƙwacewa.” Ta kafa doka: kada Sammani ya ƙara taka sashenta sai in ta aika.

Cika-ciki ta sake zuwa. Da safe Baba ya idar da salla ya zauna a buzu shiru. Inna ta jira gyaran murya ba ta ji ba.

“Malam, alwashin bana fa?”

“Babu. Na gaji.”

“Alhamdu lillahi. Dabbobin gida sun huta.”

Bayan la'asar gida ya cika da ƙanshi. Baffa Ado ya gayyaci limamin gari da wasu dattawa, aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka jera akussa. Baba yana cikinsu, an sa shi can gefe, nesa da akushin nama saboda sunan da ya yi. Iya ta san da haka. Ta dama kunun gyaɗa mai kauri, ta kira Yaya.

“Zo nan, ƙawata. Yau ranar cika ciki ce. Kin fi so ki shekara da yunwa?”

“Iya, na ci tuwo.”

“Tuwon uwarki mai kama da ƙasa? Yau ko ke ko gyaɗa. Sau ɗaya za ki sha ki ƙoshi, iskar ta gaji ta bar ki.”

Yaya ta juya za ta gudu, Iya ta cafko ta, ta kwantar da ita a cinya, ta danne ƙafafunta da nata, ta toshe mata hanci. Ɗura ke nan, yadda ake yi wa jarirai. Inna tana bakin murhu da muciya a hannu, tana gani ta ɓular zana. Sai yarinyar ce ta ƙwalla ƙara kafin ludayi ya iso.

“Zan mutu! Iya, zan mutu!”

A zaure kowa ya ji. Dattawa suka ci gaba da cin tuwo, don kukan yaro ba ya hana loma. Baffa Ado ya ce, “Yara dai.” Baba yana riƙe da loma a hannu. Bai ajiye ta ba, da ita ya tashi. Ya taka akushin liman, ya bangaje ƙyauren zaure, bai zaga ta ƙofar sashen Iya ba, ta cikin zanar ya bi, ya fito da rabinta a wuya.

“Zulaihatu!”

Inna ta ce ko kajin gidan sai da suka yi shiru. Ya doke ludayin ya yi sama, ya fizge yarinyar daga cinyar mahaifiyarsa ya rungume ta. Dattawa sun riga sun biyo shi, suna tsaye da miya a hannu.

“'Yata ce! Gyaɗa ce take kashe ta! Ba iska ba ce, ba tsamiya ba ce, gyaɗa ce! Ƙulinki ne, Iya, da manki, da kununki! Duk wanda ya ƙara ba ta, ko waye, sai mun je gaban alƙali!”

Kunun ya riga ya taɓa mata baki, ta haɗiyi kaɗan. Leɓɓa suka fara tashi, numfashi ya fara fito. Baba ya zauna daɓas a tsakar gida, cikin toka da ɓawon gyaɗa, ya jingina ta da ƙirjinsa, yana goge mata baki da hannun riga, yana kiran sunan. Zulaihatu, Zulaihatu, yi numfashi, Zulaihatu. Kamar mai biyan bashin shekara shida. Inna ta kawo ruwa, ta kuma durƙusa a gefensa, tunda abin ya riga ya lalace. Har aka kira magariba suna nan. Liman ya tafi masallaci da sawun ƙafa a tuwonsa. Zuwa lokacin da aka fito salla kumburin ya fara sauka, yarinya ta yi tari, ta ce tana jin ƙishirwa.

Washegari Baffa Ado ya tara mazan gida a zaure, aka kira liman ya zama shaida.

“Sammani, a gaban baƙi? A gaban mahaifiyarmu? Ka kira suna, ka ɗauka, ka ce 'yarka ce. Wa ya ce ba 'yarka ba ce da za ka yi mana shela?”

Liman ya yi gyaran murya ya ce shi dai a iya karatunsa bai ga inda aka hana uba kiran sunan 'yarsa ba, kuma ceton rai wajibi ne.

Baffa Ado ya ce, “Allah ya gafarta Malam, littafi daban, kunya daban. Kai ka taɓa kiran naka?”

Liman ya ce rana ta yi, yana da ɗalibai.

Iya ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwar Baba. Ba maganar ƙuli ce ta ɓata mata rai ba, a cewarta, rashin ta ido ne. Ta ce ba ta san inda ta yi kuskure a renonsa ba. Amma a cikin watan ta kwashe kaskonta da turminta ta mayar can ƙarshen gida, ta ware ludayi da ƙwarya na Yaya ita kaɗai, ta fara sayen man shanu wajen matan Fulani. In mata sun zo sayen mai sai ta ce, “Ai ni na gano. Tun ranar yaye na ce yarinyar nan jininta bai haɗu da gyaɗa ba, babu mai jin maganar tsohuwa.” Har ta rasu a kan haka take, kuma ba wanda ya musa mata.

Labari kuwa ya tafi. Dattawan da suka ci tuwon nan kowanne ya kai gidansa, matansu suka kai rijiya, daga rijiya ya hau jakuna ya shiga kasuwanni. Kafin a gama ɗaukar amfanin gona babu rumfar da ba a kwaikwayi Baba ba, da zana a wuya yana ihun suna. Kuma ba yadda za a ba da labarin ya yi daɗi sai an faɗi abin da ya ce. Haka kowa ya haddace, daga Makoɗa har Ɗambatta, cewa 'yar Sammani gyaɗa na kashe ta. In Yaya ta doshi mai ƙosai sai ta ce, “Ke ce Zulaihatun? Matsa daga kaskona, kada ubanki ya zo ya rushe mini rumfa.” A gidan biki akan ware mata nata da man shanu, ana yi ana dariya. Abin da alwashi huɗu da tafiyar ƙafa da jaki guda suka kasa, gulma ta yi shi a kaka ɗaya, kyauta. Tun daga ranar ba ta ƙara faɗuwa ba.

Shi kuwa ya biya. Ba a ƙara tura shi neman aure wa kowa ba, don an ce wanda ba shi da ta ido ba ya iya zama gaban surukai. Da mai unguwarmu ya rasu aka ambaci sunan Baba cikin waɗanda za su gaje shi, wani ya ce, “Mai shiga ta zana?” magana ta mutu a nan. Ya koma noman gyaɗarsa don haraji bai san borin jini ba, sai dai a gona yake sayar da ita, ba ta kwana a gida. Tumbin ya sauka. Ni da na zo daga baya ya ɗauke ni a kafaɗa har makaranta, da aka ce kowane gari ya ba da yarinya, don ni ba 'yar fari ba ce, ba wanda ya ce uffan.

Yaya ta yi aure a Bagwai, ta haifi tara, ta ga jikokin jikoki, hawan jini ne ya kashe ta da tsufa kamar kowa. Kada kuma wani ya zaci Baba ya canza hali. Bayan ranar nan bai ƙara furta sunanta ba har ya koma ga Allah. A ciwonsa na ƙarshe ta zo duba shi, ita ma da furfurarta, ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe shi. Ya juya fuska ga bango, ya amsa wa bangon. Da ta fita tsakar gida ya yafito ni da hannu, na sunkuya.

Ya ce, “Baƙuwar nan, an ba ta abinci?”

Na ce yanzu za a zuba.

Ya ce, “Je ki tambayi mai girkin da wane mai ta yi.”